Muƙamuƙin Rijiyar Dingaya

A shekarar babban fari rijiyoyin Dingaya suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har Mai Unguwa Dabo ya ce a yashe tsohuwar rijiyar bayan gari, wadda aka daina ɗiba tun wajen samun mulkin kai. In ita ma ba ta ba da ruwa ba, sai dai gari ya watse.

Barau ne ya ce shi zai sauka, kuma shi kaɗai. Aka yi ta mamaki, don mutumin nan ko tsani ba ya son hawa. Amma fari ya sauya shi. Ko a kasuwar Gwaram an gan shi yana miƙa wa wani Buzu da yunwa ta koro damin geronsa na ƙarshe. Aka ɗaura masa igiya, burgaminsa rataye a kafaɗa, aka zura shi.

Turai na tsaye da tulunta tana jira. Matar ƙanen Barau ce, Manu, wanda aka ce ya tafi cin rani Ikko bai dawo ba. Barau ke noma gonarsa har yau.

Can sai igiya ta girgiza. Aka jawo Barau rungume da wani muƙamuƙi mai tsawon kamu guda, haƙora jere kamar wuƙaƙe, kowanne bakinsa irin na zarto.

"Sauransa na ƙasa," in ji shi. "Yana numfashi."

Malam Abdulsalami na makarantar firamare ya jujjuya abin a hannu. Ya ce dainoso ne, wata dabbar zamanin da, mai cin nama, mai tafiya da ƙafa biyu, ba ya ma cikin manyansu, bai fi raƙumi tsayi ba. Ya mutu tun kafin a halicci ɗan Adam, ƙashin ma ya zama dutse. Abin da ya ɗaure masa kai, can hamadar Agadas ya ji ana samun irinsu, ga kuma jan yashi busasshe a tsakanin haƙoran, alhali baƙar laka ce a ƙafar Barau. To, wa ke sauraren ɗan boko ana zancen abu mai numfashi?

Kafin la'asar an cike rijiyar da duwatsu. Mata suka koma ɗaure kaya, Turai na share hawaye.

Barau ne ya jefa dutsen ƙarshe, burgaminsa sakayau, zuciyarsa ma haka. Damin gero bai tafi a banza ba, ƙashin Buzu ya yi aikinsa, yanzu babu mai sauka ya tarar da Manu a inda ya tura shi.