Ƙyauren Kogi a Kan Sikeli

Mai Sikeli ba ya tambayar ƙarfe daga ina ya fito. Ka kawo, ya auna, ya biya ka, ka kama gabanka. Shekara goma sha ɗaya yana sayen tsofaffin ƙarafa a wani fili bayan tashar mota. Da sana'ar yake riƙe matarsa da 'ya'ya huɗu da mahaifinsa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar.

Unguwarsu a kwari take. Abin da ya raba ta da kogi wata doguwar ganuwar ƙasa ce, wadda tsohon, wato mahaifin nasa, yana cikin leburorin da suka gina ta yana saurayi. A gindin ganuwar akwai ƙaton kwalbati mai fitar da ruwan magudanun unguwa. A bakinsa ta wajen kogi an rataya murfin ƙarfe mai nauyin gaske. In ruwan unguwa ya taho sai ya tura murfin ya fita. In kogi ya cika sai ya danne shi ya rufe ruf. Ƙyauren kogi tsohon yake kiran wannan murfi.

Wata rana da rani wasu mutum biyu suka turo baro, an lulluɓe shi da buhu. Mai Sikeli yana yaye buhun ya gane murfin, don tun yana yaro ya san shi.

"Wannan ai na bakin kwalbati ne," in ji shi.

"Kai ɗan sanda ne ko mai saye?" in ji ɗayansu. "In ba ka so, na gaba da kai yana so."

Ƙarfe ne na da, irin wanda ba a yi yanzu. Kogi kuwa a lokacin da ƙafa ake tsallake shi. Ya ce a ransa, ai an riga an cire, ko na saya ko ban saya ba, kuma hukuma za ta sa wani. Ya sa aka ɗora a sikeli.

Da yake kayan sata ne, gida ya kai shi ya jingine bayan duron ruwa. Abin da bai lura ba, daga katifar tsohon ana hango wurin.

"Ɗana, mene ne wancan?" Maganar tsohon a karkace take fita, amma ana ganewa.

"Murfin tanki ne, Baba."

"Da hannun nan na riƙe shi aka ɗaure. Mayar da shi."

"To, Baba."

Washegari babbar mota ta kwashe shi tare da sauran tarkace zuwa kamfanin narka ƙarfe.

Tsohon bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya rage cin abinci. Matar ce ta kasa haƙuri. "Maigida, ko ka je ka gaya wa ma'aikatan ruwa bakin kwalbati a buɗe yake? Ba sai ka ce kai ka saya ba."

"In kai kaina da ƙafata? Ke dai ki ji da tukunyarki."

Haka aka yi wata huɗu. Ya san sarai ƙofa a buɗe take, ya ja bakinsa ya yi gum. Ma'aikatan ma, Allah ya shirye su, ba wanda ya leƙa.

Ranar da abin ya faru ko ɗigon ruwa ba a yi a garin ba, rana tsaka ƙwal. Can kan duwatsu aka kwana biyu ana zubawa, kogi ya taho maƙil. Mutane suka hau ganuwa suna kallo, suna yaba ƙarfinta. Ba su san kogin ya bi kwalbati ba, yana ɓulɓulowa ta magudanu a bayansu.

Yara suna makaranta, matar ta kai autarsu asibiti, Mai Sikeli yana fili. Tsohon shi kaɗai ne a gida, kan katifa a ƙasa.

Da aka buga wa Mai Sikeli waya ya zubar da takalmi ya ruga. Ruwa iya ƙirji ya tarar a lungunsu, ruwan kwata da na kogi a haɗe. Tela da mahaucin da ke maƙwabtaka da su sun riga shi, sun fito da tsohon a kan ƙyauren ɗaki. Sun ce sun same shi ya damƙe ƙarfen taga da hannunsa mai lafiya, hancinsa kaɗai ke waje. Gida arba'in ne suka zube a ranar, har da nasu.

A asibiti likita ya ce ruwa ya shiga huhu. Mai Sikeli ya durƙusa a bakin gado, kunya da baƙin ciki sun hana shi ɗaga kai. Can tsohon ya buɗe ido ya daɗe yana kallonsa.

"Kilo nawa ya yi?"

"Baba, don Allah..."

"Tambayarka nake."

"Casa'in da biyu."

Tsohon ya juyar da fuskarsa bango. Bai ƙara ce masa uffan ba har ya cika a rana ta uku.

Maƙwabta suka zo gaisuwa, mutanen da su ma ba su da ɗakin kwana. Zuwa lokacin kowa ya ji an sace murfin. Tela ya ɗaga hannu ya ce, "Wanda ya cire da wanda ya saya, Allah ya isa tsakaninmu da su."

Kowa ya ce amin. Mai Sikeli ma, da idanu a kansa, ya buɗe baki ya ce amin.

Jama'a, ganuwa da kwalbati da murfinsa ba tarkace ba ne, su ne ke tsakaninmu da kogi. Kada mu cire, kada mu saya, kuma in mun ga an taɓa su mu kai rahoto tun da rani. Wanda ya sani ya yi shiru, da hannunsa a cikin ɓarnar.