Awon Bakinsa

Likitan haƙori ya ɗago kai, sai ya ga matar tsohon direban nan ta shigo ita kaɗai. Sati uku ke nan da ya cire wa mijinta jijiyar haƙori, yau za a ɗora murfi.

"Mama, ina Baba? Ga murfinsa ya iso."

"Allah ya yi masa rasuwa ran Asabar."

Ya yi mata ta'aziyya, ya tsaya da abin a tafin hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Ta hau kujerar a hankali, ta nuna wani haƙorinta da ya gutsure. "Likita, sa min shi."

"Da awon bakinsa aka yi, Mama. Ba zai zauna miki ba."

"Na sani. Ka dai gwada."

Ta rufe ido, ta buɗe baki tana jira.