Sa Hannun Malamin Lissafi

Ka ce aikinka da na wani sun yi karo a ƙofa ɗaya? Zauna ka ji. Akwai wani malamin lissafi da ya yi ritaya, ya duƙufa shekara uku yana rubuta gyara ga zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, irin wadda jama'ar duniya suke ginawa tare a fili, kyauta. Burinsa tsofaffin kwamfutocin makarantu su daina sandarewa. Ya tura facinsa, wato gyaran nan, zauren wasiƙun masu aikin, sai ya tarar wata mata daga wata ƙasa ta turo nata a kan wannan matsalar. Ɗaya kawai za a ɗauka. Kuma al'adarsu, faci ba ya shiga sai wani masani ya bi shi layi-layi ya sa hannu. Nasa ya samu mai dubawa. Nata kuwa ya yi wata biyu ba wanda ya tanka, don wannan lungun na manhajar ba wanda ya san shi kamar malamin, abokin takararta. Shiru kawai zai yi, ranar rufe karɓa ta zo, nasa ya wuce.

Amma tsohon malami, idonsa ba ya ganin takarda ya ƙyale. Ya buɗe nata da niyyar neman aibi, ya karanta har ƙarshe, sai ya ga abin da ya yi a layi dubu ta yi shi a ɗari biyu. Ya ji zafi ƙwarai, kwana biyu tuwo bai yi masa daɗi ba. A rana ta uku ya nuna mata kuskure ɗaya da ya gano, ya rubuta yadda za ta gyara, sannan ya sa hannu, ya ƙara da cewa, "Nata ya fi nawa, shi za ku ɗauka." Shi aka ɗauka. Ya rufe kwamfutarsa yana ganin shekara uku sun tafi a banza. Bayan mako guda wasiƙarta ta iso zauren, a gaban kowa: "Baba, duk wanda aikinsa ya shiga, shi zai yi renonsa shekara da shekaru. Ni ba zan rena shi da kowa ba sai da kai." Aka rubuta sunansa kusa da nata a jerin masu kula da wannan sashe, dattijo ya cire tabarau ya share ido. Ka ga gaskiyar Bahaushe ke nan: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.