Injin Yankan Ciyawa da Ya Ƙona Ɗaki Ana Tsaka da Ruwa

Yalwa, 'yata, na ji an ce maigidanki ya sayo injin yankan ciyawa, kuma a ɗakin ajiya kuke sa shi idan an gama aiki. To, ki tattaro hankalinki nan. Zan faɗa miki maganar da na san da wuya ki gaskata, domin ni ma da a bakin wani na tsince ta, da na ce an yi mata ƙari: injin da aka kashe, aka tura ɗaki, aka ja ƙofa aka danna kwaɗo, shi ne ya ƙone ɗakin ƙurmus, alhali ana tsuga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Babu ashana, babu wayar lantarki, babu wanda ya shiga. Kuma kin san ban kai waɗannan shekaru ina ƙaga labari ba.

An yi wata mace, shugabar wata makarantar kwana ta 'yan mata, wadda ta shekara ashirin a kan aiki ba a taɓa nuna ta da yatsa a kan sakaci ba. Mai kula da filin makarantar wani dattijo ne, tsohon manomi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan garmar shanu. Da aka danƙa masa inji, sai ya riƙe shi riƙon da ya saba yi wa bijimi: abin da ya yi maka wahala ba ka barinsa a rana, ba ka bari ruwa ya doke shi. Kuma kamar kowane mutumin karkara, bai yarda a zubar da ciyawa ba. Duk wadda ya yanka sai ya shanya ta, ta bushe, ya tara a lungun ɗakin ajiya saboda tumakinsa, kusa da galan ɗin fetur. Wata rana da damina ya yi aiki tun hantsi har azahar bai huta ba, sai hadari ya haɗo daga gabas. Ya kashe inji, ya gungura shi ciki da sauri, ya matsa shi jikin tarin ciyawar domin nan ne kwano ba ya yoyo sosai, ya ɗauko buhunan algarara biyu ya lulluɓe shi ruf, ya kulle, ya tafi masallaci hankalinsa kwance. Kafin liman ya sallame, ruwa ya kece, hayaƙi kuma yana tuɗaɗa ta ƙarƙashin kwano.

Ɗaki ya tafi, ba a rasa rai ba, amma magana ba ta mutu tare da wutar ba. Kafin kwana biyu gari ya ɗauka cewa shugaba ce ke ƙyale ɗalibai suna girki a ɓoye da risho a ɗakin. Iyaye suka fara zuwa kwasar 'ya'yansu, hukuma ta sa ranar bincike. Matar ta san ƙarya ce, sai dai sani marar hujja ba ya wanke mutum. Ta tsaya a kan toka tana ta juya tambaya ɗaya: daga ina wuta ta fito a ɗakin da ba wuta? Ta hana a share wurin, ta aika aka kira wani mai gyaran injin ban-ruwa. Shi kuwa ya zo ya duba wurin. Ya tona gawayi da sanda, ya lura ƙuna ta fi ci a inda ƙarfen injin yake kwance, sannan ya sa dattijo ya zayyana masa yadda ya ajiye shi, daki-daki. Ranar bincike ya aro wani inji irin wancan, ya sa aka yi yanka da shi awa guda a gaban jama'a, ya kashe. Ya ɗiga ruwa a kan salansa, wato bututun da hayaƙin injin ke fita, ruwan ya yi cuu ya ɓace. Sai ya ɗora tafin busasshiyar ciyawa a wurin, ya rufa guntun buhu, ya ajiye bokitin ruwa a gefe, ya koma ya naɗe hannu. Mutane suka yi ta leƙe, wasu har sun fara murmushi. Can sai buhu ya soma baƙi, hayaƙi ya ziraro siriri, ja ya bayyana a ƙarƙashi. Ya watsa ruwa, ya juyo ya ce, "Hajiya, kashe inji daban, hucewarsa daban. Ko tukunya aka sauke, ai ba a rungumarta." Dattijo ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Wallahi, ranki ya daɗe, ruwa nake guje masa."

Iyaye suka maido da 'ya'yansu. Matar ba ta kori dattijo ba, domin ƙauna ce ta sa shi kuskure, amma daga ranar inji ba ya shiga ɗaki sai ya sha iska a fili har mutum ya iya ɗora tafin hannu a kansa, an kuma kankare ciyawar da ta manne masa. Fetur na kwana ɗaki daban, abincin tumaki daban. In har yanzu zuciyarki na gardama, mai gyaran yana nan da ransa, Malam Sallau Na-Tudu, rumfarsa na bakin kasuwar 'yan albasa. Ki tura maigidanki ya tambaye shi, zai ji daga bakinsa abin da magabata suka riga mu faɗa: garin neman gira, a rasa ido.