Duk Inda Babur Ya Tsaya

"Kai ni duk inda ka ga dama," in ji tsohon, ya haye zemijan, babur ɗin haya, ya rufe ido.

Dabara ce ya shirya wa Ubangiji. Mako uku ke nan, duk sanda ya durƙusa da sunan Yesu, kira ɗaya yake ji: tashi ka nemi gafarar ƙanenka. Shekara tara ba sa gaisawa, tun ranar da ya zage shi gaban jama'a kan ɗakin gado a Zongo. Shi ya sa ya taka har unguwar Tokoin, nesa da Zongo, ya zaɓi ɗan babur mai hular kwano da takunkumi. In Allah da gaske yake, to, ya tuƙa da kansa, ya kai shi wurin ƙanen. Lome fa faɗi gare ta!

Babur ya faɗa rami, tsoho ya ƙanƙame mai tuƙi. Da suka tsaya ya buɗe ido, sai ga bakin teku.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Ubangiji, ka dai gani, ni na yi nawa."

Mai babur ya cire hula, ya waiwayo. Ƙanensa ne.

"Yaya, sassauta mini haƙarƙari mana. In da magana a bakinka, faɗe ta."

Tsohon ya ƙara matse shi.