Manomin da Ya Share Kacala

Kai mai saurin cewa abu ba shi da amfani, zauna ka ji abin da ya sami wani manomi. Bawan Allahn nan gonar shinkafa gare shi a fadama, kacala ta bi ta cinye ta ƙaf. Ka dai san kacala, doguwar ciyawar ruwan nan da in ka sare ta yau, jibi ta fi ka tsawo. Ya yi fama da ita har ya gaji, ya kwashi iyalinsa ya koma wani ɗan gari. Allah ya dube shi, ƙaramar hukuma ta ɗauke shi aikin kula da tafkunan da ke bayan garin. Tafki uku ne a jere. Duk ruwan kwatamin garin, na wanka da na wanke-wanke da na mahauta, nan yake taruwa. Ya kwanta a na farko datti ya zauna ƙasa, ya tsiyaye zuwa na biyu ya sha rana, ya ratsa na uku, sannan ya gangara rafi inda masu lambu ke ban ruwa, makiyaya ke shayar da shanu. To na ukun nan cike yake maƙil da kacala. Tsohon da ya bar masa aikin, ranar da yake miƙa masa shebur, ya nuna ta da haɓa ya ce, “Ga ma'aikaciyar nan, ni ɗan rakiya ne.” Manomi ya yi dariya, a ransa ya ce yau ga lalaci an raɗa masa suna.

Shi kuwa aikin nan ne tukunyar gidansa, yana tsoron a ce sabon ma'aikaci rago ne a sallame shi. Ga kuma tsohuwar gaba tsakaninsa da ciyawar. Sai ya wasa adda. Kwana goma sha ɗaya yana cikin ruwa har ƙugu, matsattsaku na shan jininsa, yana tumɓuke ta har saiwa. Wallahi ya yi aiki, abin tausayi! Tafki ya fito fes kamar faranti, ya tsaya yana kallo yana jin daɗi. Ba a rufa mako biyu ba rafi ya koma kore, ya ɗauki wari. Ƙananan kifaye suka taso ciki a sama, shanu suka sunsuna suka juya, masu lambu suka hauro da hayaniya. Duba-gari ya zo ya ga tafki tas, ya riƙe baki. Ya ce wa manomi ai saiwar kacalar ce ke tsotse ƙazantar da ta rage, ita ke wanke wa gari ruwa. Manomi ya tsuguna yana jiran kora. Amma duba-gari ya kalli tafin hannun manomin, duk kanta da tsaga, ya kasa korarsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Malam, je ka mayar da ita.” Haka aka riƙa ganinsa yana zuwa fadama, yana haƙo saiwar ciyawar da ta raba shi da gonarsa, yana ɗauko ta a ka, yana dasa ta layi-layi yadda ya saba dasa shinkafa. Hawaye na zuba, yana roƙon Allah ya sa ta kama.

Ka ga abin da Hausawa ke faɗa ke nan: garin neman gira a rasa ido.