Gam ɗin Baba

Duk sanda na ji warin fetur, gonarmu ta Bunkure nake tunawa. Wata rana na dawo daga makaranta, ko abinci ban ci ba na wuce gona. Na tarar da Baba tsugune gefen injin ban-ruwa, yana gutsura farin soson nan na cikin kwalin talabijin a gwangwanin fetur. Soson yana narkewa ya zama gam, shi kuma yana liƙe tiyon da ya huje.

Da irin gam ɗin nan Lami, 'yar maƙwabtanmu, ta zo ta ɗaya a gasar kimiyya ta makarantarmu a ranar. Ni kuwa fankar da na kwaikwayo daga littafi, ko kallonta ba a yi ba.

Na ce, "Baba, dabararka fa ta sata!"

Bai ɗago ba. "Ba sata ta yi ba. Nan ta tsuguna ta tambaye ni, na nuna mata. Kai kullum toshe hanci kake ka wuce."

Baba ya rasu tuni. Kyautar na daɗe da yafe wa Lami. Tsugunawar nan da ban yi kusa da shi ba ce har gobe take ci mini rai.